Dariyar da Ake Yi a Shagona

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in faɗi wani abu da na daɗe ina gani a bakin sana'ata. Ina da shagon cajin waya da tura finafinai a kan titin Bauchi a nan Jos, kuma masu zama a bencina Musulmi ne da Kirista, duk da Hausa muke hira.

Ran wata Asabar da yamma samari uku suka haɗa kai a kan waya ɗaya suna ta ƙyaƙyata dariya. Na leƙa, ashe guntun wani katun ne na Amurka da aka zana Yesu ana yi masa ba'a. Maƙwabcina tela, Kirista ne, ya zo karɓar wayarsa. Ya tsaya ya kalla na ɗan lokaci, bai ce uffan ba, ya biya kuɗinsa ya fita. Shirun nan nasa ya fi zagi yi mini ciwo. Na ce wa babban cikinsu, "Kai, ka san wa kake yi wa dariya? Annabi Isa ne fa." Sai ya ce, "Baba, ai katun ne kawai." Na tambaye shi, da namu aka zana haka, shi ma katun ne kawai? Ya sunkuyar da kai.

Wannan ita ce cutarmu. In aka taɓa addinin wani, mu ce wasa ne. In aka taɓa namu, gari ya kama da wuta. Ba mu kaɗai ke da halin ba ma. Shirin katun na Amurka mai suna South Park, wanda aka fara a 1997, ya yi shekaru yana caccakar addinai iri-iri da muryar mawaƙi Isaac Hayes a ciki. Da shirin ya juyo kan Scientology, addinin da shi Hayes ɗin ke bi, a 2005, shekara na zagayowa aka sanar ya fice. A 2010 kuma tashar Comedy Central da kanta ta toshe wasu sassan shirin bayan barazanar da aka yi wa masu shi kan batun Manzon Allah (SAW). Kowa dai ya san zafin nasa.

Su can galibi abin kan ƙare a cacar baki da ƙorafi a jarida, mu nan kuwa gawa ake ɗauka. Zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) da wata jaridar Denmark ta buga a 2005, a Maiduguri aka zubar da jini a kansa a watan Fabrairun 2006, kuma waɗanda suka mutu ba su taɓa ganin Denmark ba. Mu mutanen Jos da muka ga rikicin 2001 da 2008 da 2010 ba ma bukatar a yi mana dogon bayani.

Kada a ɗauka ina ƙin raha. Bahaushe ya iya wasa da abin da yake girmamawa. Da azumi yaranmu kan liƙa gemun auduga su naɗa rawani su fita tashe, malamai na kallo suna murmushi har su ba da sadaka. A finafinanmu kuma sau nawa aka nuna malamin tsibbu mai cin kuɗin mata, ko fasto mai mu'ujizar ƙarya a na Kudu? Ba wanda ya ɗaga sanda, domin mayaudari ake tona wa asiri, kuma na gida ne ke tonawa.

Akwai ma dariyar da ta fi kowace daɗi, wadda mai fim bai nufa ba. Kwanaki na tura wa wata Hajiya wani tsohon fim na aljanu. Ta dawo tana share hawaye, ta ce jikokinta sun hana ta barci. Aljanin da aka shafe da farar hoda ya fito zai razana mutane, ga agogo na walƙiya a hannunsa. Gawar da aka shimfiɗa ana kuka a kanta, cikinta na hawa yana sauka, can kuma ta ɗaga yatsa ta kori ƙuda. Malamin da ke ruƙiyya ya tsaya yana waige, da alama ya manta abin da zai ce. Telan nan da na ambata har roƙona ya yi in sa masa, muka kalla tare muna riƙe ciki. Fim ne cike da addu'a da ayoyi, amma ba wanda ya ji an taɓa imaninsa, don gazawar ɗan wasa muke wa dariya.

Abin da ke damuna shi ne yawancin iyaye sun ɗauka duk abin da aka zana na yara ne. Uba zai miƙo waya ya ce, "A cika wa yara katun," ya tafi. Alhali wasu shirye-shiryen don manya aka yi su, cike da batsa da izgili. Hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana sa wa fim alamar shekaru, amma guntun minti biyu da ke yawo a WhatsApp da TikTok ba ya zuwa da wata alama, ba a ma san daga inda aka yanko shi ba.

Don haka ina roƙon jaridarku ta riƙa ware ɗan shafi tana bayyana wa iyaye da Hausa wane katun ne na yara, wane ne ba nasu ba. Ga Hukumar Finafinai ta Nijeriya da makarantarta a nan Jos, ba za a rasa masanan da za su taimaka ba. 'Yan'uwana masu turi kuma, mu riƙa buɗe abu mu gani kafin mu zuba wa yaron mutane.

Ni dai na goge wancan katun daga kwamfutata a daren, da safe kuma na shiga shagon telan na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, sannan ya tambaye ni ko fim ɗin aljani mai agogo yana da kashi na biyu.

Naka mai karatu a kullum,
Wani mai shagon caji, titin Bauchi, Jos