Amsa ga malamin da ya tambayi yadda tsibirin Bouvet ya ɓace

Assalamu alaikum Malam,

Ka yi mana tambaya a bainar jama'a: ta yaya tsibiri sukutum zai ɓace wa matuƙan jiragen ruwa bayan an gan shi ido da ido, kuma me ya hana mutane zama a kansa har yau? Tsibirin Bouvet bai taɓa gusawa daga inda Allah ya ajiye shi ba. Adireshinsa aka rubuta ba daidai ba, sauran aikin kuma hazo ya ƙarasa.

Ɗauko taswira, ka ɗora yatsa a kan Legas, ka ja shi kudu sak. Ba za ka taɓa ƙasa ba sai bayan kilomita kusan 6,700, a digiri 54 kudu da digiri 3 gabas. Nan yake. Tsawonsa kilomita 9.5, faɗinsa 7, girmansa murabba'in kilomita 49, kuma ƙanƙara ta lulluɓe kashi 93 cikin ɗari. Kan dutse ne mai aman wuta da ya leƙo daga ƙasan Atlantika. Ƙololuwarsa, Olavtoppen, mita 780 ce. Duk inda ka juya, ƙasa mafi kusa ta haura kilomita 1,600.

Ranar 1 ga Janairun 1739 wani Bafaranshe, Bouvet de Lozier, ya hango shi da jiragensa biyu, Aigle da Marie. Babbar nahiyar da Turawa ke zaton tana kudancin duniya ya fito nema, don haka da ya ga tsauni fari cikin hazo sai ya ɗauka bakinta ne. Ya yi kwanaki yana kai-komo, hazo da ƙanƙara suka hana shi sauka, bai kuma zagaya wurin ba. Ya rubuta inda yake jin yake, ya kama gabansa.

A wannan rubutun matsalar take. Sanin nisanka daga kudu zuwa arewa ba wuya: ka auna tsayin rana da tsakar rana, ka duba jadawali. Gabas da yamma kuwa sai da agogo. Duniya na juya digiri 15 a awa guda, wato digiri ɗaya a minti huɗu, saboda haka dole ka san ƙarfe nawa ne a tashar da ka baro daidai lokacin da rana ta tsaya a kanka. A 1739 babu agogon da zai jure watanni a jirgi, ga girgiza, ga danshi, ga sanyi. Abin da ake yi shi ne kirdado. A jefa ɗan katako ɗaure da igiya mai ƙulli-ƙulli, a kifa kwalbar yashi, a ƙirga ƙullin da suka zare don sanin gudun jirgi, a duba kamfas, a rubuta. Igiyar nan ba ta san ruwan kansa yana tafiya ba, alhali tekun wannan yanki kullum gabas yake kwarara. Kuskuren yau ya hau kan na jiya. A digiri 54, kowane digiri na gabas da yamma kilomita 65 ne, kuskuren digiri biyar kacal ya kai ka kilomita 325 daga tsibirin da bai cika kilomita goma ba, a tekun da sau da yawa ba a ganin abin da ke gaban jirgi.

Shi ya sa James Cook, matuƙin jirgin ruwa ɗan Birtaniya, duk da agogo mai kyau da ya riƙe, ya neme shi a 1772 da 1775 bai samu ba. Ya je daidai inda aka rubuta, ya tarar da ruwa, har ya yi zaton tsibin ƙanƙara mai yawo a teku Bouvet ya gani. Ba mu ga laifinsa ba, daga nesa su biyun kamar an tsaga kara. A 1808 James Lindsay, mai farautar manyan kifayen nan da ake kashewa don mai, ya sake ganinsa. A 1825 George Norris ya sauka, ya raɗa masa Liverpool, ya ce na Birtaniya ne, ya kuma ƙara dagula lissafi da labarin wani tsibiri na biyu a kusa, Thompson, wanda aka daɗe ana zana shi a taswira alhali duk wanda ya je nema ya dawo hannu rabbana. Sai a 1898 jirgin binciken Jamus, Valdivia, ya tsayar da ainihin wurin Bouvet, shekara 159 bayan ganin farko.

Mallaka ba ta ja dogon rikici ba. Jirgin Norvegia ƙarƙashin Harald Horntvedt ya sauke mutane ranar 1 ga Disamban 1927, suka kafa tutar Norway. Birtaniya ta janye da'awarta a 1928, dokar 1930 ta tabbatar wa Norway, kuma tun 1971 wurin gandu ne da aka keɓe. Da yake yana arewa da digiri 60 kudu, yarjejeniyar ƙasashe kan nahiyar Antatika, wadda ta shafi abin da ke kudu da wannan layi, ba ta hau kansa ba.

Batun zama kuwa, Malam, fara da sauka. Babu tashar jirgi, babu lungun fakewa daga iska, gaɓar kusan duk miƙaƙƙen dutse ne ko bangon ƙanƙara. Wuri guda mai dama-dama shi ne Nyrøysa a yamma, wani fili na tarin duwatsu da zaftarewar tsauni ta samar tsakanin 1955 da 1958; kafin nan babu shi ma. Ko can ɗin, ƙaramin kwalekwale na iya kifewa a hannun igiyar ruwa, don haka masu bincike kan tsayar da jirgi a nesa su shiga da jirgi mai saukar ungulu, su kuma tanadi abincin ƙarin kwanaki, domin hazo na iya rufe hanyar komawa. Babu bishiya ko ɗaya, sai gansakuka. Matsakaicin sanyi bai wuce digiri ɗaya ƙasa da sifili ba. Mazauna wurin tsuntsayen fengwin ne da dabbobin teku masu gashi da ke haihuwa a gaɓa.

Ginin ma ba ya zama. Tashar binciken da Norway ta kafa a Nyrøysa a 1996, ya zuwa 2007 an neme ta an rasa, don ƙasar da ke ƙarƙashinta ba ta daina motsi ba. A 2014 aka kafa sabuwa, mutane kaɗan take ɗauka, na 'yan watannin bazarar kudu, sauran shekara kuma na'urorin auna yanayi ne ke aiko da bayani ta tauraron ɗan'adam.

Wassalam.