Godiya ga masu shagon zanen tambari na bakin babbar kasuwar Garwa ta Kamaru

Assalamu alaikum. Malam mai shago, na ga ya dace in yi godiyar nan a bainar jama'a, don kafin in zo wurinku na sha wuya.

Gidan abinci gare ni, daren Asabar kuma masu goge da kalangu kan yi wasa a tsakar gidan. Tun lokacin gasar kofin Afirka da aka buga a farkon 2022, da 'yan Najeriya suka cika gari don kallon wasa a filin Roumdé Adjia, nake neman tambari da allo na mutunci. Wani ya karɓi kafin alƙalami, ya kwaso mini hular kuku da taswirar Afirka daga intanet, irin wadda ke jikin kowane shago. Wani ya buga takardar jerin abincin da Faransanci kaɗai, da na matsa ya sa Hausa da Fulatanci, sai duk ƙ da ɗ da ɓ suka fito ba lanƙwasa. Wai kwamfutarsa ba ta da su! Allon da ya yi kuwa, zafin Maris guda ya koɗar da shi.

Yarinyar shagonku da kuka turo ba ta fara da zane ba. Zuwa ta yi ta zauna, ta ci gasasshen kifin Binuwai, ta saurari kiɗa har aka tashi. Ta karɓi gogen a hannun mai shi tana jujjuyawa, ta ce ai ƙwarya ce jikinsa, da ƙwarya kuma muke ba baƙi fura. Tambarin ke nan: ƙwarya mai wuyan goge, launin shuni da jan zoɓo. Na so baƙin allo, ta ce Baba, ƙurar hunturu za ta mayar da shi toka. Da dare ta tsallaka titi don ta ga ko mai babur zai iya karanta sunan yana tafe, ta kuma ƙanƙanta hoton ta gwada shi a WhatsApp. Rigunan yara da takardar naɗe tsire duk sun iso ranar da aka ce.

Allah ya yi mata albarka, ya ƙara muku kasuwa. Sauran masu sana'ar nan kuma, yaushe za ku daina kashe waya da zarar kuɗi ya shiga hannunku? Har yau akwai wanda nake bi kuɗin allo, kullum yaronsa sai ya ce mini ya tafi Marwa.