Don Allah a buɗe mana filin koyon kiɗa da Hausa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ya aiki ya jama'a. Don Allah ku ɗan sammin fili in faɗi abin da ke raina, duk da na san wasu za su ce ana ta kai wa ke ta kaya, mutane na kukan tsadar taki wani na zancen jita.

Ni manomi ne a wani ƙauye ta wajen Gumel, shekara biyu kenan ina fama da koyon jita ni kaɗai. Kwance na saye ta hannun wani ɗan Nijar ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, na je sayar da ɗan rago sai na dawo da ita cikin buhu don kar ƴan gari su gani. Tsirkiya shida gare ta amma biyu na ƙasa sun tsinke, na nemi zaren fatsa irin wanda masu gurmi ke sawa na ɗaura, ashe ma dace na yi, don kiɗan da nake so da tsirkiyar roba ake yinsa ba ta ƙarfe ba.

Kiɗan kuwa sunansa filamenko. A shagon mai caji na fara jinsa a wayar wani ɗan makaranta, wani mutumin Sifaniya ne Pako de Lusiya, an haife shi 1947 ya rasu 2014, wallahi da farko na rantse mutum uku ne ke kaɗawa sai da aka nuna min bidiyon na ga shi ɗaya ne zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Kiɗan ƴan kudancin Sifaniya ne, wato Andalus ɗin nan da malamanmu ke ambata inda Musulmi suka yi mulki daga 711 har 1492, a can ne makaɗi Ziryab ya sauka Kurɗuba daga Bagadaza a 822, shi ya ƙara wa udu, abin kiɗan Larabawa mai kama da garaya, tsirkiya ta biyar. Shi filamenkon kansa daga baya ya tashi, mutanen da ake kira Gitano su suka raine shi, kuma a 2010 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa.

Abin da ba a gaya min ba shi ne aikin duk a hannun dama yake. Akwai bugun da suke ce wa rasgiyado, za ka dunƙule hannu sannan ka riƙa sakin yatsu ɗaya bayan ɗaya daga ƙaramin yatsa zuwa manuni, bayan farce ne ke dukan tsirkiya, in ka iya sai ka ji rrrap kamar ruwan farko a kan kwano, in ba ka iya ba kamar kaza na tonon bola. Wata huɗu na yi ina tonon bola. Akwai kuma golfe, ka ƙwanƙwasa cikin jitar da yatsan zobe kana cikin kiɗa, su can suna manna roba a wurin don kar katakon ya ci, ni dai gilashin fuskar waya na manna kuma yana aiki. Sai matsalar farce, da damina ko na tara noma ya karya, da rani kuma Inna ta sa ni gaba wai ni da shaho wa ya fi wani. Yanzu duk Juma'a nake yankewa in bar ɗan kaɗan in goge bakin, kuma ya ishe ni.

To amma inda na sha wuya sosai ƙirge ne. Manyan kiɗe-kiɗensu a kan bugu 12 suke zagayawa, ana danna na 3, na 6, na 8, na 10 da na 12. Na rubuta wannan da gawayi a bangon ɗakina, in ƙirga in ɓace, in sake in ɓace, har ranar nan wani tsoho makaɗin kalangu da muke maƙwabtakar gona ya same ni gindin darbejiya ina ta ɗaya biyu uku kamar ɗan aji ɗaya. Ya tsaya ya ji, ya ce ɗan nan me kake lissafawa haka, bashi ake bin ka? Na ce a'a Baba, kiɗan Turawa ne mai wuya, na kunna masa a waya. Ko minti biyu bai yi ba ya fara tafa shi a cinya daidai, ya ce ai wannan dogo biyu ne gajere uku, je ka tsaya bayan danga in mata na lugude ka ji yadda taɓarya ke ba ƴar'uwarta hanya. Na duba bangon nan da daddare, uku da uku, sannan biyu biyu biyu, maganarsa ce ba ƙari. Abin da na yi wata da watanni ina nema a bidiyon Turanci, ina hawa tudun bayan firamare don neman sabis, data na ƙonewa, tsoho ya ba ni shi da kalma biyar.

Haka ma ilmin muryoyin. Duk abin tsani ne mai matakala bakwai, do re mi fa so la ti, in ka haɗa da na tsakankaninsu su zama 12, kowane ƙarfe a wuyan jita rabin taki ne, ƙarfe na 12 kuma daidai tsakiyar tsirkiya yake, nan murya ke komawa inda ta fito amma siririya. Yawancin kiɗanmu na gargajiya a kan murya biyar yake tafiya. Su kuma ƴan filamenko sun fi son su mai da muryar mi gida, wato inda kiɗa ke sauka, kuma daga mi zuwa fa rabin taki ne kacal, wannan matsatsin shi ke ba da ɗanɗanon nan mai kama da na Larabawa. Kama E, wato ɗorin yatsu a wuyan jita da ke ba da mi, ka matsa da yatsun gaba ƙarfe ɗaya ka dawo, za ka ji shi. In ka sauko Am, G, F, E kuwa, wato la, so, fa, mi, ai ka shiga gidan. Kun ga wannan bayanin bai fi a yi shi a zaune ɗaya ba, amma ni shekara guda ya ci min saboda wanda na samu duk da Turanci ko Sifaniyanci ne.

Shi ya sa nake roƙonku ku ware ko rabin shafi ne a wata, ku samo wanda ya karanci kiɗa ku haɗa shi da masu garaya da goge da kalangu su zauna su sa wa abubuwan nan suna da Hausa. Masu cewa jita kayan ƴan iska ce na ji, ni ma an faɗa min a gaban idona, ban kuma ce kowa sai ya so ta ba, ni dai ba na roƙo da ita kuma ba ta taɓa hana ni jam'i ba.

Sannan in akwai mai karatu da ya san maganin tsagewar katako da hunturu ya taimaka ya rubuto, tawa ta fara buɗewa ta ƙasan inda ake ɗaure tsirkiya, yanzu cikin bargo take kwana.

Na gode.

Naku,
Mai karatunku daga karkarar Gumel, Jihar Jigawa