Ƙanwata ta ƙi yin kuka tun rasuwar Ummanmu

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya jama'a, Allah ya saka da alheri kan wannan shiri. Daga Kano nake, dan Allah kar a faɗi sunana saboda 'yan gidanmu suna sauraro.

Maganar ƙanwata ce, autarmu, shekararta 16 tana SS3. Ummanmu ta rasu bara, hawan jini ne, kuma duk cikinmu ba wanda ya shaƙu da ita kamar yarinyar nan, tun tana firamare Umma ke kiranta likitar gidanmu. Ranar rasuwa kowa na kuka ita ko hawaye babu, ita ce ma ke kai wa 'yan gaisuwa ruwa tana shimfiɗa tabarma, har aka yi uku aka yi bakwai aka yi arba'in ana ta yabonta wai yarinya mai tawakkali. Ni wallahi tun lokacin hankalina bai kwanta ba.

Yanzu karatu ta sa a gaba ba dare ba rana. Kafin kiran assalatu ta tashi tana bitar tsofaffin tambayoyin JAMB, wai cikin maki 400 in ba ta haura 300 ba ta ci amanar Umma, WAEC kuma A1 take so a kowane darasi. Gwajin da aka yi musu a makaranta ta samu B2 a Kemistiri, ranar abinci bai shiga cikinta ba, ta shige ɗaki ta kulle. In ta yi kuskuren harafi ɗaya a littafi ba za ta goge ba, sai ta yage shafin ta kwafe daga farko. Kwanan nan ma alwala ta fara maimaitawa wai ba ta cika ba, ga rama kamar wadda ta tashi daga jinya.

To babban abin da ya sa na rubuto shi ne littafin da take rubutawa. Dama ita ma'abociyar littattafan Hausa ce na WhatsApp da Wattpad, tun Umma na da rai take ɗan nata rubutun tana karanta mata a kicin suna dariya. Bayan rasuwar ta fara wani sabo tana turawa wani gurup, ni take ba wa in duba mata kafin ta tura. Labarin wata yarinya ce 'yar sakandare mai ƙoƙari, wata safiya mahaifiyarta ta ce mata kanta na ciwo, ita kuma tana sauri kar ta makara lesin sai ta ce sannu kawai ta fita. Anti haka fa aka yi ranar da Umma ta faɗi, ban taɓa sanin abin na cin ta a rai ba sai da na gani a rubuce. Kuma labarin ya ƙi wuce safiyar nan. Ta rubuta babin ta tura, mutane na ta sharhi suna cewa a ci gaba dan Allah, da daddare ta goge ta ce bai yi kyau ba, ta sake rubuta shi da wasu kalmomin, wani lokacin yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa, wani lokacin ta dawo ɗaukar biro, amma har yau ba ta rubuta inda uwar ta rasu ba.

Abba ya ce littattafan nan ne ke hargitsa mata kai, zai ƙwace wayar har sai ta gama jarrabawa. Goggonmu ta ce a yi mata ruƙiyya. Da na ce a ga likita sai aka yo kaina wai so nake a ce 'yar gidanmu an kai ta asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, wa zai aure ta. Ni ba na ƙin addu'a, kullum muna yi, amma gaskiya ban yarda a raba ta da rubutun ba, don nan ne kaɗai take faɗin abin da ke ranta. Na taɓa tuna mata cewa Annabi (SAW) ma ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuka ba rashin imani ba ne, sai ta ce Yaya ni ba ni da lokacin kuka.

Anti ya zan yi? In fito in ce mata na gane labarin nata ne kuma ba laifinta ba ne, ko in na faɗa za ta daina nuna min gaba ɗaya? Maimaita alwalar nan da ƙin cin abinci sun kai a ga likita? In sun kai, da wane baki zan shawo kan Abba ba tare da ya ga na raina shi ba? Jarrabawa na matsowa, ina tsoron ranar da sakamako zai fito ba yadda take so ba.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Yayarta, daga Kano