Wasiƙa ga Iyaye: Darasin Adabi na Wannan Zango

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara,

A wannan zango 'yan ajin SS2 za su yi nazarin rayuwar Erich Auerbach, wani masanin adabi ɗan ƙasar Jamus, kuma akwai aikin gida da muke neman ku sa mana ido a kai.

An haifi Auerbach a Balin a 1892. Shari'a ya fara karantawa kafin ya koma adabi, har ya zama farfesa a Jami'ar Marburg a 1929. A 1935 gwamnatin Nazi ta raba shi da aikinsa saboda Bayahude ne. A 1936 ya yi gudun hijira zuwa Istanbul, ya ci gaba da koyarwa.

A can ya rubuta littafinsa Mimesis tsakanin 1942 da 1945. Shi da kansa ya rubuta cewa babu wadataccen ɗakin karatu na adabin Turai a garin, ga Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe hanyar samun sababbin mujallu. Yadda yake aiki shi ne ya tsamo ɗan guntun rubutu, ya bi shi dalla-dalla. A babin farko ya jera waƙar Homer, mawaƙin Girka na zamanin da, da labarin Annabi Ibrahim da ɗansa yadda ya zo a Attaura. Homer ba ya rage komai, ko tabon da ke ƙafar jarumi sai ya faɗi asalinsa. Ita kuwa Attaura ta ce tafiyarsu zuwa wurin yankan kwana uku ce, amma ta yi shiru kan abin da ke zuciyar uban. Auerbach ya koma Amurka a 1947, ya koyar a Jami'ar Yale, ya rasu a 1957.

Wannan dabarar muke so yaran su koya, don ba ta buƙatar tarin littattafai. Kowane mako ɗalibi zai zaɓi sakin layi ɗaya, kada ya wuce rabin shafi, daga littafin Hausa ko na Turanci da ake yi a aji. Ya karanta a bayyane sau biyu, sannan ya amsa a rubuce: wa ke magana, me aka faɗa, me aka ɓoye, jimlolin dogaye ne ko gajeru? Minti 20 ya isa.

Inda suka fi tuntuɓe shi ne su ɓige da ba da labarin, domin ya fi sauƙi. In kun ga haka, ku ce yaro ya nuna muku kalmar da ya dogara da ita. Kwafa daga waya kuma nan take malami ke ganewa.

Ana karɓar aikin kowace Litinin.

Sashen Adabi