Zuwa ga iyayen yaranmu: ƙarshen zango na uku da maganar ƙarin kuɗi

Assalamu alaikum iyayenmu, Alhazai da Hajiyoyi da duk wanda ya damƙa mana amanar ɗansa. Da fatan kuna lafiya, ya damina, ya kasuwa, ya haƙuri da garin nan.

Allah ya kawo mu ƙarshen zango na uku, yara sun gama jarabawa, malamai na kan haɗa maki, ranar Juma'a mai zuwa in sha Allahu za a raba katin sakamako a tafi dogon hutu. Da ma 'yar takarda muke sakawa a jakar yaro shikenan, amma bana na ga gara in zauna in rubuto da kaina, saboda maganganun da ke ta yawo a guruf ɗin WhatsApp na iyaye sun iso gare ni, kuma gaskiya wasu daga ciki sun taɓa min rai.

Eh, maganar ƙari gaskiya ce. Daga zangon farko na watan Satumba kuɗin makaranta zai ƙaru, tun daga nazire har aji shida, adadin kowane aji yana cikin ambulan ɗin da za a haɗo da sakamako. Amma batun wai za mu rufe, ko wai an sayar da makarantar za a mai da ita shaguna, wannan wallahi babu shi, kuma wanda ya fara yaɗa shi Allah ya shirye shi.

Kun dai san ginin nan ba namu ba ne, haya muke tun farko. Dattijon da ya ba mu wurin mutumin kirki ne, Bayerabe ne amma da Hausa muke gaisawa, in kuɗi ya yi mana wuya sai ya ce a kawo rabi a cika daga baya, tunda ya ga yara ake koyarwa ba kaya ake sayarwa ba. To Allah ya yi masa rasuwa, gida ya koma hannun magada, su kuma suka miƙa wa ejan, wato dillalin gidaje, shi ejan bai san wata tsohuwar alaƙa ba, takarda kawai ya aiko da sabon farashi, ya ce in ba za mu iya ba akwai masu jira. Kuma ba ƙarya ya yi ba akwai su, duk wanda ke zaune a Agege shaida ne yadda gidaje suka yi tsada tun da aka buɗe gadar Pen Cinema a 2021, aka zo kuma jirgin ƙasa na Red Line ya fara ɗaukar fasinja a 2024 ga tasha a nan kusa da mu, kowane mai gida yanzu gani yake zinare yake zaune a kai. Mun je mun roƙa, mun tafi da dattawan masallaci, an sassauta ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wasu sun ba ni shawara mu kwashe mu koma wajen Agbado ko Sango inda haya ta fi sauƙi, to sai na ce yaro ɗan shekara huɗu da ke zuwa da ƙafa riƙe da hannun yayarsa fa, ya za a yi da shi? A ɗora shi a danfo da asuba? Ban iya ba.

Ga kuma mai. Kafin shugaba Tinubu ya ce an cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000, ko da ta ɗan sauko daga baya ai ba ta koma ko kusa da inda take ba. Mu kuma da man nan motar ɗaukar yara ke tafiya, da shi janareta ke tashi. Wani zai ce to makarantar firamare me za ta yi da janareta, ai ruwan da yara ke alwala da shi, ake wanke banɗaki da shi, daga rijiyar burtsatse ake jawo shi zuwa tanki, in babu wuta babu ruwa, kuma kun san yadda aji ke zama lokacin zafi in fanka ta tsaya. Wutar ma tun watan Afrilu 2024 da aka ɗaga kuɗin 'yan Band A, wato layukan da aka ce sun fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, layinmu ya faɗa ciki, ka sa kati yau kafin ka juya ya ƙare.

Sai malamai, wanda shi ne ya fi hana ni barci. Gwamnatin tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi 70,000 a 2024, gwamna Sanwo-Olu ya ce na Legas 85,000. Mu ba gwamnati ba ne, amma malamar da ke shiga mota biyu kafin ta iso nan ita ma kasuwa ɗaya take zuwa da ma'aikacin gwamnati, in ban ƙara mata ba wata makaranta za ta ɗauke ta, kuma samun malamin da ya iya Turanci da lissafi sannan yana jin Hausa yadda zai lallaɓa yaron da aka kawo daga gida bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba, ba abu ne mai sauƙi a garin nan ba. Ga malamin Yarabanci dole mu riƙe shi, dokar jiha ce tun 2018 kowace makaranta ta koyar har masu zaman kansu, ga malaman Islamiyya na yamma su ma haƙƙinsu na kanmu.

Na ji an ce ai mai makaranta ce ke son tara kuɗi. Ban so in tanka ba amma bari in faɗi wannan kawai. A makarantar nan ba a taɓa fitar da yaro daga ɗakin jarabawa saboda bashi ba, ku tambayi 'ya'yanku. Akwai marayun da ke zaune a aji ba a karɓar ko sisi a kansu kuma ko malaman ajinsu ba su san su waye ba. Lokacin da kowa ya ƙara kuɗi bayan cire tallafi mu muka danne muka yi shiru, har wasu abokan sana'a suna cewa muna ɓata musu kasuwa. Duk wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya zo ofis, takardar ejan na nan, rasit ɗin mai na nan, gani ya kori ji.

Ba mu naɗe hannu muka zauna ba. Muna duba hanyoyin da za mu rage kashe kuɗi, akwai mutanen da muke magana da su a kan batun wuta, maganar gini ma ba a rufe ta ba tukuna, in abu ya nuna za ku ji. Batun motar yara kuma muna kan nazari, wataƙila a taɓa wasu layukan, za a sanar kafin a dawo. Wanda ke da yara da yawa a wurinmu ya same ni mu yi magana tsakaninmu.

Ina so in yi godiya ta musamman ga mutanen da suka riƙe mu tun muna aji biyu da allo ɗaya. Alhajinmu mai goro wanda duk 'ya'yansa nan suka yi, yanzu jikoki yake kawo mana, Allah ya ƙara girma. 'Yan'uwanmu na mayankar Oko-Oba da ba su taɓa bari walimar yaye ɗalibai ta wuce babu nama ba. Hajiyar da ta ara mana tabarmi da bencina ranar da muka buɗe, ta san kanta. Da iyaye mata masu waina da fura da ke kawo kuɗin makaranta kaɗan-kaɗan a ƙulle a bakin zane har su cika, wallahi ku ne kuke ba ni ƙarfin gwiwa. Bana wata tsohuwar ɗalibarmu ta kawo 'yarta nazire ta ce a saka ta a ajin da ita ma ta zauna. Irin wannan zumuncin ne nake tsoron kar ƙarin nan ya yanke.

Yanzu tunatarwa. Katin sakamako uba ko uwa ko wani babba ne zai karɓa, ba za mu ba yaro a hannu ba. Masu ragowar bashi dan Allah a daure a rage wani abu kafin Juma'a, da shi za mu biya malamai albashin hutu, in an yi tiransifa a turo shaida ko a kawo takardar mai POS, kar a ce an tura kawai. Walimar 'yan aji shida ranar Alhamis ce da hantsi, a zo da wuri saboda ruwa.

Masu tafiya gida hutu, Kano, Katsina, Sakkwato, Zariya har masu tsallakawa Nijar, Allah ya kiyaye hanya, amma ina roƙonku da girman Allah a dawo da yara a kan lokaci. Gwamnatin Legas ce ke fitar da kalanda ɗaya wa duk makarantu, ba mu ke zaɓar ranar komawa ba, kuma duk shekara sai an samu yaran da ba a gani sai cikin Oktoba, wai an tsaya biki ko kaka ta ce a bar mata su. Yaro ya dawo an yi nisa, ya zauna a baya yana kallon allo, ƙarshen zango kuma a ce malamai ba sa ƙoƙari. Wannan abin yana damuna ƙwarai, musamman ga yara mata, su aka fi bari a can.

Waɗanda 'ya'yansu za su shiga aji shida a fara haɗa takardu tun yanzu, takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, lambar NIN, da katin LASRRA na shaidar zama a Legas, kuma a tabbatar sunan yaro iri ɗaya ne a ko'ina, kar nan Muhammad can Mohammed can kuma Mamman. Mai son ɗansa ya zana jarabawar NECO ta shiga kwalejojin tarayya ya sanar da hedimasta da wuri.

Damina ce, a kula da ruwan sha, kun tuna yadda kwalara ta ɓarke a Legas a watan Yuni 2024, a hana yara wasa a kwata. Yunifom wanda bai yage ba ba sai an ɗinka sabo ba, littattafan yaya ma in suna da kyau a ba ƙani, ba mu canza su ba bana. Darasin hutu zai fara mako biyu bayan an tashi, da safe ne kawai, ba dole ba ne.

Na san akwai waɗanda suka riga suka fara tambayar wasu makarantu, ba zan ga laifin kowa ba, kowa ya san aljihunsa. Abin da nake roƙo shi ne kafin ka zo karɓar takardar canjin makaranta ka shigo ofis mu zauna tukuna, ina nan kullum daga safe zuwa azahar har cikin hutu, ban da Juma'a da Lahadi.

Allah ya raya mana yaran nan ya yi musu albarka.

Taku,
Mai makaranta, a madadin malamai da ma'aikata
Agege, Legas