Kar ki sa hannu a takardar nan

Assalamu alaikum 'yar nan. Ina ta kira ba kya ɗauka, to ga shi a rubuce ki karanta.

Gwaggonki ta zo unguwarmu Sharamansur nan Makka jiya ta ce wai kun gama magana da mijin nan naki, zai yarda da hul'i in dai kin rubuta masa tanazul, wato takardar sallamawa, kin bar masa Ummi. Wallahi tun da na ji ban runtsa ba. Yarinya 'yar shekara 3 da har yanzu sai ta riƙe kunnenki take barci, ita za ki biya kuɗin sakinki da ita?

Ki sani ko hukuma ba ta yarda da wannan cinikin ba. Dokar iyali da Saudiyya ta fitar a 2022 ta hana a yi fansar hul'i da riƙon 'ya'ya ko haƙƙinsu, sadakinsa zai karɓa ba 'yarsa ba. In an rabu uwa ce farko a hadana, wato riƙon yaro, sai uba, sai uwar uwa wato ni, sannan uwar uba, kuma alƙali maslahar yarinya yake dubawa ba fushin iyaye ba. Nafaƙa kuwa tana wuyansa ko yana so ko baya so. Amma akwai inda za ki cuci kanki, in mai haƙƙin riƙo ta yi shiru fiye da shekara 1 ba ta nema ba kuma ba uzuri, haƙƙin na iya faɗuwa, kar ki ce bari in huta tukuna daga baya na karɓo ta.

Ni tsorona ɗaya ne, Damagaram. Kin san uwarsa ta daɗe tana cewa a kawo mata jika. Eh doka ta ce ba zai fita da ita waje fiye da kwana 90 a shekara ba sai da yardarki, to in jirgi ya tashi daga Jidda ya sauka can wace mahkama ce za ta bi shi? Ke iƙamarki ma da ƙyar ake sabuntawa, da me za ki bi sawu? Ta girma tana kiran wata Inna, a yi mata aure ki ji a bakin alhazai?

Ni da mahaifinku ya tafi wa na miƙa wa ko ɗaya a cikinku? Tuwo na dinga tuƙa wa alhazai hannuna duk ƙuna. Ke wahalar wata nawa ce har kin gaji?

Na san kin sha wuya a gidan nan, ban ce ki koma ba, ban taɓa cewa ba. In aiki ne ya hana ki, kawo min ita, ɗakina ya ishe mu. Ran Alhamis ki taho da ita da takardar haihuwarta da fasfonta, yayanki zai shigar miki da ƙara ta Najiz, shafin intanet na ma'aikatar shari'a. Allah Ya yi miki albarka.

Mamanki